Ƙwan Tala a Ruwan Kanwa

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta. Wannan labarin Indo ne, Indo mai ƙwai ta bakin tashar Gazawa, da abin da ya shiga tsakaninta da aminiyarta Tala a kan ƙwarya ɗaya ta ruwa.

A wani ƙauye kusa da Gangara aka haifi Indo. Ubanta Nomau manomi ne, gero da wake da ɗan aya, Allah ya jiƙansa. Uwarta kuwa ƙwan zabi take saye da damina tana kaiwa kasuwa, kuma a gindinta Indo ta koyi sana'ar tun ba ta iya ɗaura zane da kyau ba. Lakol, wato makarantar boko, ba a sa ta ba. Allo ma iyakarta abin da za ta yi salla da shi, amma wannan ɗin ta riƙe shi da hannu biyu, ba a taɓa jin rana ta fito ta same ta ba ta yi asuba ba.

To ita zabuwa ba kamar kaza ba ce, ba ta zama a akurki ta yi ƙwai. Daji take shiga, cikin gero ko ƙarƙashin sabara, ta yi ta zubawa, sai mai ita ya bi sawu ya gano gurbin. Wanda ya tsinci gurbi kuwa bai san na jiya ba, bai san na wata guda ba. Ga ɓawonsa da kauri, ko ka ɗaga shi a rana ba ka ganin abin da ke ciki. Shi ya sa ake gwaji da ruwa. A cika ƙwarya, a saka ƙwai a hankali. Sabo ya nutse ya kwanta a gindi. Wanda ya yi kwanaki ya ɗan ɗaga kai. Wanda ya fi haka ya miƙe tsaye, tsininsa na ƙasa. Wanda ya taso sama yana yawo kuwa, wannan ya gama, baragurbi ne, in ya fashe a ɗaki sai an kwana biyu ana turare.

Abu guda uwar Indo ta ja mata kunne a kai. Ta ce ruwan gwaji na randa ne, mai sanyi. Ruwan da ya sha rana sakin ƙwai yake. Ƙwan da ya gaji, wanda a ruwan sanyi zai taso, in ruwan ya yi ɗumi sai ka ga ya lallaɓa ya koma ƙasa kamar na kirki. Masu son zuciya sun san haka, shi ya sa wasu ke barin ƙwaryarsu a rana. Indo ba ta tambayi dalili ba. An ce mata na randa, ta riƙe na randa.

Da ta isa aure aka kai ta Gazawa gidan Yahuza, wanda ke noman aya da damina, da rani kuma ya zauna bakin kwalta yana gyaran moto, wato babur. Haihuwa bakwai ta yi, biyar suna raye, biyu sun riga mu, Allah ya sa masu ceto ne. Duk wannan bai raba ta da ƙwai ba. Tana da wurinta inda motocin Maraɗi da na Damagaram ke tsayawa, dafaffe a faranti da yaji da gishiri, ɗanye a ƙwarya cikin ƙaiƙayi don masu tsaraba. Direbobi sun san ta. In baƙo ya fara jujjuya ƙwai yana kaɗawa kusa da kunne, sai direba ya ce masa, "Malam, ɗauki kawai, na Indo ne." Ita kuma tana da maganarta da take yi sau ɗari a yini. Duk wanda ya yi mata gardama sai ta ce, "Kada ka tambaye ni, tambayi ruwa. Ruwa ba ya ƙarya, ba ya da dangi a garin nan."

A kasuwar Gangara take saro ƙwan, wajen matan Filani. A cikinsu babu kamar Tala, matar Jaye, wadda rugarsu ke arewa da gari. Shekara goma sha bakwai Tala na kawo mata ƙwai. Abin ya wuce ciniki. In sun haɗu sai tsiya, Tala ta ce mata Kaɗo mai cin tuwon jiya, Indo ta ce mata Fillo mai gidan kara. Lokacin da ɗan Indo na huɗu ya rasu, Tala a ƙasa ta tako tun daga ruga har Gazawa da ƙwaryar nono a ka, ta kwana uku a ɗakin, ita ke daka ita ke shara. Duk da haka Indo ba ta taɓa ɗaukar ƙwan Tala ba tare da ta sa shi a ruwa ba, Tala kuma ba ta taɓa jin haushi ba. Dariya ma take yi, ta ce, "Yi masu wanka, Kaɗo, sun sha ƙura a hanya."

Kowace ranar kasuwa Indo kan cika bido, wato jarka, da ruwan randarta, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu don kada ya ɗumama, a ɗaure a bayan moto. Haka take yi shekara da shekaru, har shekarar da Layya ta faɗo tsakiyar damina.

Wata ranar kasuwa an kwana ana ruwa, hanya ta yi santsi. Suna gab da shiga Gangara mai moton ya zame, suka zube cikin taɓo. Allah ya tsare, karaya babu, sai gwiwar Indo da ta gurje. Bido kuwa ya tsage daga gindi, kafin ta miƙe ruwan ya gama tsiyayewa. Ta shiga kasuwa tana ɗingishi, zane duk laka, ga matan Filani sun riga sun zauna suna jiranta. Ta dubi pampo, layi ya kai har bakin rumfunan mahauta. Sai idonta ya kai gindin wani itacen bedi kusa da kara, inda ake sai da dabbobi. Ga wani babban daro cike da ruwa, a inuwa, ya kwanta garau, mai shi ba ya nan. Ta sa yatsa ta ji da sanyi. Ta ce a ranta ai ruwa ne, ba wanda ke hana ruwa. Ta cika ƙwaryarta ta koma.

Tala ce ta farko, da ƙwai sittin. Indo ta saka biyar. Duka biyar suka taso sama suna karo da juna. Ta kwashe ta saka wasu biyar. Su ma haka.

"Tala, mene ne wannan?"

Tala ta leƙo ta duba. "Na kwana uku ne, Indo. Da hannuna nake kwashewa kullum da hantsi."

"Na kwana uku ne ke iyo kamar agwagi?"

Ta ƙara biyar, ta ƙara biyar. Ko ɗaya bai taɓa gindin ƙwarya ba. Mutane suka fara tsayawa. Akwai Hayatu mai shayi, wanda ke jiran ya sayi na suya, da mata masu ƙaramin sari, da ƴan kallo waɗanda ba su da aikin yi. Ga gwiwa na zogi, ga laka na bushewa a jiki, ga idon mutane. Shaiɗan kuma ba ya nisa da irin wannan wuri, Allah ya raba mu da shi. Indo ta ɗaga murya.

"Wallahi ko ɗaya babu mai kyau a ciki. Shekara goma sha bakwai ina zaune da ke, ashe yau baragurbi kika tattaro mini ki zubar mini da mutunci a tasha."

Tala ta yi ƙasa da murya ta ce, "Fasa ɗaya ki gani."

"In fasa a nan in kori mutane da wari? Ruwa ya riga ya faɗa. Ni ba ni da abin ƙarawa."

Tala ta jawo ƙwaryarta. Ta tsamo ƙwanta ɗaya bayan ɗaya, tana goge kowanne da bakin zanenta, tana mayarwa cikin ƙaiƙayi. Ta rufe da faifai, ta aza a ka, ta bi ta tsakiyar mutane ta wuce. Ba ta yi sallama ba.

Ta biyu ta matso da nata. Suka taso. Indo ta ce ashe yau baki kuka haɗa, ta sallame ta. Ta uku wata tsohuwa ce, haƙoranta biyu suka rage. Nata ma suka taso. Ita tsohuwar ba ta tsaya jayayya ba, sai ta ɗauki ɗaya ta buga a bakin faranti. Gwaiduwa ta zauna daram, ja kamar manja, wari ko na misali babu. Ta fasa na biyu, haka.

Indo ta ajiye ƙwaryar gwajin. Ta dubi hannunta, ta ga inda ruwan ya bushe ya yi fari fat, yatsunta kuma suna santsi kamar ta taɓa sabulu. Ta ɗan lasa. Kanwa ce da gishiri, har suna ƙona harshe.

Tana nan tsaye sai ga Barmo dillalin raguna yana tafe yana faɗa. "Wa ya rage mini ruwan raguna? Na je in karya kumallo kawai."

"Barmo, me ka zuba a ruwan nan?"

"Au, ke ce? Kanwa ce tiya guda da gishiri, tun asuba na jiƙa. Ai uwar ruwa ce wannan, da moɗa nake ɗiba ina sirka masu. In sun sha sai ƙishi ya taso, su yi ta shan ruwa, ciki ya fito, mai saye ya ga rago ya cika ido."

"Kai dai Allah na ganinka."

"Yana ganina, yana kuma ganin wadda ta ɗebi ruwan mutane ba ta tambaya ba."

Indo ta juya masa baya. Ta bar kayanta a wurin ta bi kasuwa da ɗingishi tana neman Tala, layin masu nono, layin masu gishiri, bakin rijiya. An ce ta kama hanyar ruga tun ɗazu. Waɗanda suka ga farkon abin kuma duk sun watse, kowa ya tafi da abin da ya gani. Kafin la'asar magana ta zaga: ƙwan Tala ya tashi a ruwan Indo, har Indo ta rantse.

Da ta koma gida ta faɗa wa Yahuza. Yana riƙe da tayar moto tsakanin ƙafafunsa, bai ma ɗago ba. "To ai kuskure ne. Kasuwa mai zuwa ki ba ta haƙuri, shi ke nan. Filani ba su da riƙo."

"Kai ka san Filani ko ni? Ni abin da ya ɗaure mini kai, ina ruwan kanwa da ƙwai? Ƙwan lafiyarsa lau, me ya ɗaga shi?"

Ɗiyarta Salima, wadda ta yi lakol har kwaleji, tana tankaɗe a gefe. Ta ce, "Inna, ai an koya mana wannan. Ruwa ba nauyinsa ɗaya ba. In kika cika gwangwani da ruwan randa, kika cika wani irinsa da ruwan gishiri, na gishirin ya fi nauyi, don gishirin ya narke ya shige cikinsa. Sabon ƙwai ya fi ruwan randa nauyi kaɗan, shi ya sa yake nutsewa. Ruwan da ya ƙoshi da gishiri kuwa ya fi ƙwan nauyi, sai ya ɗaga shi."

"To na rana fa, da ke sakin ƙwai?"

"Shi ya fi sauƙi ne. Ruwa in ya ji zafi buɗewa yake. Ba kya gani in kika cika tukunya har baki kika ɗora, tun kafin ta tafasa take fara zuba? Ruwan bai ƙaru ba, wuri ya ƙara ci. Ko a tabki in kin shiga da azahar, na sama da ɗumi, na wajen ƙafa da sanyi. Mai nauyin ne ke kwanciya ƙasa."

Indo ta dube ta. Can ta ce, "Shekara nawa kina cin tuwo da kuɗin ƙwai a gidan nan, kin san wannan, ba ki taɓa buɗe baki ba?"

"Inna, ai ba ki tambaya ba. Kuma ke kika ce ruwa..."

"Rufe mini baki. Ɗauko ƙwarya biyu."

A tsakar gida suka gwada. Ƙwai ɗaya, wanda kazar gidan ta yi da safe. A ruwan randa ya kwanta. Salima ta yi ta zuba gishiri a ɗaya ƙwaryar tana motsawa, aka saka shi, ya ɗaga kai. Aka ƙara gishiri, ya miƙe tsaye. Aka ƙara, ya taso. Indo ta mayar da shi ruwan randa, ya koma ya kwanta. Ta yi haka ya fi sau goma, har Yahuza ya ce gishirin miya dai ake ƙararwa.

Washegari ta je wajen malamin da ke yi wa matan unguwa karatu, ta zauna daga bakin zaure ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, har ɗibar ruwan da ta yi ba izini. Malam ya ce, "Rantsuwar da kika yi a kan abin da kika zaci gaskiya ne, Allah mai gafara ne, ki yi istigfari. Amma mutuncin baiwar Allah a gaban jama'a kika zubar. Wannan ba a hannuna yake ba, ba a hannun mijinki ba. Ki wanke ta a inda kika ɓata ta, sannan ki nemi ta yafe miki da bakinta. In ba haka ba, yana nan yana jiranki ranar da babu ƙwai babu kasuwa."

Wannan maganar ce ta hana Indo sukuni. Kasuwa na zagayowa ta tafi da ƙwarya biyu da ƙullin gishiri. Tala ba ta zo ba. Indo ta tsaya daidai inda abin ya faru ta ce, "Jama'a, ku tsaya ku ji. Ni Indo na yi wa Tala matar Jaye ƙazafi. Ƙwanta lafiya lau yake, ruwan ne na kanwa. Ku zo ku gani da idonku."

Aka taru. Ta saka ƙwai a wannan ya nutse, ta saka shi a waccan ya taso. Mutane suka yi dariya, wasu har da tafi. Wani ya ce ta sake. Ta sake. Wani daga baya ya ce, "Ashe Inna ta iya rufa-ido. Saura ki fito mana da kaza daga ciki."

"Ba rufa-ido ba ne, gishiri ne. Ga shi, ku ɗanɗana."

Ta miƙa wa wata mata ƙwaryar. Matar ta ja da baya. "In sha abin da ke sa ƙwai tashi sama? Ni ma in tashi, wa zai riƙe mini goyo?"

Hayatu mai shayi ya gyara tsayuwa ya ce, "Inna Indo, tsakani da Allah, ba ke kika ce ruwa ba ya ƙarya ba? Tun ina yaro nake jin haka a bakinki. Yau kuma don ƙawarki ce ya koyi ƙarya?"

"Bai yi ƙarya ba, Hayatu. Ni ce ban san wane ruwa na tambaya ba."

"Ruwa ai ruwa ne, Inna."

"To zo ka dafa shayinka da wannan."

Aka sake fashewa da dariya, aka watse. Tana jin wata na ce wa ƴar'uwarta, "Sun shirya ne. An kai mata man shanu."

Kasuwa uku tana haka. Muryarta har ta dushe. Wanda ya yarda ya yarda, amma ba su ne masu yawa ba, kuma labarin farko ya fi daɗin faɗa. Ta ga Jaye a kara ta ba shi saƙo zuwa ga Tala, ya dubi ƙasa ya ce za ta ji. Tala dai ba ta zo ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai kuwa a kasuwa ta huɗu ya faru. Tana wucewa ta ga Nana, ɗaya daga cikin masu ƙaramin sari, ta tasa wata yarinyar Filani a gaba, ƙwai na yawo a saman ƙwaryarta, tana cewa, "Kin gani ko? Duk sun kwana. Sai dai in taimake ki in ɗauka a rabin kuɗi." Indo ta tsoma yatsa a ruwan ta lasa. Gishiri.

"Nana, ba kya tsoron Allah?"

Nana ko kunya babu ta ce, "A wajenki muka gani, Yaya. Da mun sani ne?"

Indo ta kifar mata da ƙwaryar, aka yi ta cacar baki har sai da sarkin kasuwa ya zo ya raba. Ta koma gida ranar ba ta sayi ƙwai ko ɗaya ba. Ta ce wa Yahuza, "Na fito in wanke mutum ɗaya, na koya wa kasuwa guda cuta. Waɗanda nake so su gane sun ce wasa nake. Ɓarayin kuwa sau ɗaya suka kalla suka haddace."

"Na ce miki ki bar abin nan ya mutu."

"Kai za ka tsaya mini gobe kiyama?"

Ya ci gaba da gyaran motonsa.

Sati biyar da faruwar abin ta daina jira. Ta sayi goro da sukari da sabulu, moto ya kai ta Gangara, daga nan ta taka da ƙafa ta tsakiyar gonaki, gero ya kai mata kafaɗa. Ta isa ruga da hantsi. Tala na zaune gindin wata ƙirya tana kaɗa nono. Ta ga Indo, ba ta tashi da gudu kamar da ba, amma ta shimfiɗa mata buzu, ta kawo ruwa. Suka gaisa, gida, yara, shanu, damina, kowace na kallon gefe.

Sai Indo ta sauka daga buzun ta durƙusa a ƙasa.

"Tashi, Indo, kin girme ni."

"Ba zan tashi ba. Na zalunce ki. Ruwan da na gwada ƙwanki da shi na kanwa ne, na ragunan Barmo, ban sani ba. Na faɗa a kasuwa sau uku, a inda na ɓata ki. Ki yafe mini don Allah da Annabinsa."

Tala ta nuna bayan bukka da haɓa. Kaji biyu ne ke tono, ƴan zabi ƙanana masu zane a ka na bin su suna tsiwa. "Ga baragurbinki can suna kiwo. Talatin na sa wa kajin, ashirin da ɗaya suka fito. Sauran talatin ɗin yara suka cinye."

Indo ta bi su da kallo.

"An gaya mini kina ta wasa da ƙwarya biyu a kasuwa," in ji Tala. "Wai ruwa mai nauyi da ruwa marar nauyi. Ni duk ban san wannan ba. Ni dai na ce miki ki fasa ɗaya. Ƙwai ɗaya, Indo. Ruwan da kika tsinta a gindin itace, ba ki san mai shi ba, kika yarda da shi. Ni da kika sani shekara goma sha bakwai, ƙwai ɗaya ban kai ba."

"Haka ne."

"Yanzu in na je rijiya yara na ce mini mai baragurbi. Uwar mijina ta ce da ma ta faɗa mini, abota da mutanen gari iyakarta bakin ƙwarya."

"Zan je in faɗa wa tsohuwar da bakina."

"Bar ta, ta ga ƴan zabin." Tala ta ci gaba da kaɗa nononta, can ta tsaya. "Na yafe miki, duniya da lahira. Ba zan tsaya da ke gaban Allah a kan ƙwan zabi ba."

Indo ta share ido da bakin mayafi ta yi godiya, ta yi hamdala. Sannan ta ce, "To ranar kasuwa ina jiranki."

"Matar ɗana za ta riƙa kawo miki."

"Ke fa?"

"Ƙafata ta yi nauyi a hanyar nan."

"Fillo, ai kin ce kin yafe."

"Na yafe, Indo."

Tala ba ta ce mata Kaɗo ba. Indo ta lura, ta ƙara tsokanarta da gidan kara, Tala ta yi ɗan murmushi irin wanda ake yi wa baƙo. Da za ta tafi aka ba ta curin man shanu da ƴan zabi biyu a ƙaramar ƙwarya. A wajen Filani in aminiya ta zo, rakiya ake mata har sai an daina hango bukkoki, ana tafe ana ƙarasa hira. Tala ta rako ta zuwa bakin shingen shanu ta tsaya. Ta ce a gaida gida, ta juya.

Indo ta koma wajen malam ta ba shi labari. Ya ce, "Alhamdulillahi. Kin faɗa a gaban jama'a, ta yafe da bakinta, nauyi ya sauka. Me kuma kike nema?" Indo ta tashi ta fito tana jin haushinsa, tana kuma istigfari a kan jin haushin malami.

Damina huɗu ke nan. Indo na nan a bakin tasha, gwiwar ce dai ke damunta in hadari ya haɗu. Matar ɗan Tala na kawo ƙwai kowace kasuwa, masu kyau, a tsaye take miƙawa a tsaye take karɓa. Matan Filani yanzu ba mai yarda a saka ƙwanta a ƙwarya sai ta lasa ruwan, wasu ma kasuwar garin Cadawa suka koma kaiwa. Indo kan tambayi yarinyar, "Ina Tala?" Ta ce, "Tana gaishe ki." Indo ta ce, "Ki ce mata tun Layya nake ajiye mata da turmin atamfa, ta zo ta ɗauka da kanta." Yarinyar ta ce to. Atamfar na nan a ƙasan akwati, Salima ta roƙa sau biyu an hana ta.